Gargaɗin 'Yan'uwa A Kan Gumin Ɗan Ƙwadago

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya rarraba arziki a tsakanin bayinSa, Ya sanya sashensu yana bukatar sashe, har ya zamana babu attajirin da zai iya sauke buhunansa ɗari da kansa, babu kuma malamin da ya noma audugar rigarsa, ya kaɗa, ya saƙa, ya rina, shi kaɗai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya yi kiwon tumakin mutanen Makka a kan lada tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, almajiri kake ko falke, Allah Ya datar da mu da kai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani zama da na yi a zauren wani ɗan kasuwa a nan ƙasarmu ta Masanawa, bayan an kawar da amfanin gona. Hira ta kai mu ga arzikin Kano na da. Maigidan yana lissafa sunayen manyan attajirai, yana yabon dalar gyaɗa da ayarin raƙuma, yana kukan cewa albarka ta tafi. Duk wannan yana gudana alhali ga mutum biyu tsugune a ƙofar zauren tun la'asar, sun loda masa masara a mota, suna jiran haƙƙinsu. Da aka kira magariba sai ya leƙa ya ce musu su dawo gobe, wai babu canji. Suka tashi suka tafi ba su ce uffan ba. Ni ma ban ce uffan ba, saboda kunyar mai masauki. Wannan shirun ya hana ni barci, kuma wannan takarda ita ce kaffararsa, in Allah Ya karɓa.

Fasali na farko, a kan waɗanda suka tufatar da ƙasashe

Ka sani tun kafin Nasara su zo, ƙasar Kano ta shahara da tufa, kuma yawancin wannan aiki a ƙauyuka ake yinsa. Garuruwa irin su Kura da Bunkure da Dal, da ƙauyukan yammacinmu na wajen Ƙaraye da Rogo, suna cike da masaƙa da marina. Har yau in ka bi bayan tsofaffin garuruwa za ka tarar da bakunan rijiyoyin karofi sun cike da ƙasa, yara suna tsallake su ba su san mene ne ba.

To, ka tsaya ka ƙidaya hannun da turkuɗi ɗaya yake bi kafin ya hau kan Buzu a Agadas. Manomi ya shuka auduga da baba. Mace ta gurje audugar a kan magurji ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, ta kaɗa zare da mazari, sau da yawa da dare a gaban fitilar aci-bal-bal, har idonta ya dushe tun ba ta tsufa ba. Masaƙi ya zauna a rana yana wurga ƙoshiya, yana fitar da sawu siriri wanda bai kai faɗin tafin hannu ba. Maɗinki ya harhaɗa sawayen. Sa'an nan a kai karofi. Ita kanta rijiyar wani ne ya haƙa ta, zurfinta ya fi tsayin mutum biyu, ya shafe cikinta da laso, wanda ake haɗawa da ƙonannen katsi da gashin majema da dafara. Wani ne ya yi ta jido ruwa tulu bayan tulu har ta cika. Wani ne ya zuba baba da toka, ya tsaya kwanaki yana juyawa da muciya a cikin wari har kumfa ta taso. Marini ya tsoma, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa, har hannunsa ya rine rinin da ba ya fita sai a kabari. Daga nan sai mabuga, inda ƙarti suke zama sahu biyu suna fuskantar juna, gungume a tsakaninsu, suna dukan tufa da shuni tun hantsi har yamma, har ta ɗauki ƙyalli. Ka tambayi tsofaffi yadda kafaɗa da kunnen mabugi suke komawa in ya manyanta.

Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya shigo Kano a shekara ta 1851, zamanin Sarki Usman. Ya ƙiyasta tufar da Kano take fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla, kuma ya yaba da cewa sana'ar tana ciyar da iyalai a gidajensu, ba kamar manyan masana'antun ƙasarsu masu ƙasƙantar da ma'aikaci ba. A cikin maganarsa akwai gaskiya, domin masaƙin da yake da gonarsa da masaƙarsa ɗa ne mai cin gashin kansa. Amma baƙo kasuwa ya fi gani. Da yawa daga audugar da baban nan bayi ne suka noma su a rinji da gandun manya, ba su da lada sai abin da za su ci su rayu. Da yawa daga masu juya muciya da masu bugu ba su mallaki rijiya ko ɗaya ba, mai rijiya daban, mai tufa daban, fatoma da dillali su cire la'adarsu, falke ya kwashi riba a Timbuktu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban ce ribar falke haramun ce ba, domin ya sa dukiyarsa da ransa a hanyar Sahara. Abin da na ce shi ne, an kiyaye sunansa an manta nasu.

Fasali na biyu, a kan zamanin Nasara

Nasara suka ci Kano a shekara ta 1903, wadda ta yi daidai da 1320 ta Hijira. Ba a daɗe ba suka kashe wuri, suka ce haraji sai da kuɗinsu na sule da kwabo. Wanda ba shi da abin sayarwa sai ya sayar da ƙarfinsa. Hanyar jirgin ƙasa da aka jawo daga Baro ta iso Kano a 1911, kuma an gina ta ne da mutanen da hakimai da dagatai suka ɗebo daga ƙauyuka, suna so ba sa so, suna jidar ƙasa a kwando.

Daga 1912 ciniki ya koma kan gyaɗa. Manomi ya noma, matansa suka ɓare ta a turmi, jaki ya kai ta wurin sikeli, inda malamin awo da ɗan baranda suke jiransa. A Kano aka riƙa tara buhuna ana yin dala, ana cewa dala guda takan ci buhu 15,000. Kowa ya san sunan Alhasan Ɗantata, Allah Ya ji ƙansa, wanda ya rasu a 1955, kuma ya cancanci a san shi. Amma ina tambayarka ya kai mai alfahari da hoton dala, faɗa mini sunan mutum ɗaya daga waɗanda suka hau da buhunan nan a ka, buhun da ya kusa nauyin mai ɗaukarsa, suna taka buhu suna hawa buhu har ƙololuwa. Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. 'Yan cin rani ne daga ƙauyuka irin namu, suna kwana a zaurukan mutane, heluma yana cire nasa daga ladansu kafin ya kai hannunsu. Haka kuma masu dako a injinan gurzar auduga na Funtuwa da Malumfashi da Gusau, waɗanda ƙurar auduga ta zauna musu a ƙirji.

Mafi muni shi ne abin da iyayenmu suke kira ɗiban gwamna. Da Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila a 1942, Nasara suka rasa kuzar da suke samu a can, sai suka juyo kan tudun Jos. Tsakanin 1942 da 1944 an tilasta wa kimanin mutum 100,000 daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza. Aka kai mutanen ƙasar zafi cikin sanyin dutse ba mayafi, ba isasshen abinci, ciwon ƙirji da gudawa suka kashe da yawa, musamman a wurin aikin madatsar ruwa ta Tenti. Ƙanen kakana yana cikin waɗanda aka ɗiba. Ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Kuma abin da ya fi ci masa rai, kamar yadda mahaifina ya ba ni labari, shi ne wanda ya rubuta sunansa ɗan garinsu ne, Musulmi, ya tsallake 'ya'yan masu hali ya ɗauki marasa gata. Ka riƙe wannan, domin mun saba ɗora wa Nasara kowane laifi mu wanke kanmu. Nasara sun tafi tun 1960, amma hannun da ya rubuta sunan yana nan.

Sa'an nan kasuwa ta juya. Jamusawa suka fitar da shunin kanti tun 1897, yadin waje ya cika kasuwa, aka buɗe masaƙar zamani a Kaduna a 1957, karofi ya yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka rushe dala. Mai dukiya ya juya kuɗinsa zuwa mota da gidan haya da kwangila. Wanda jarinsa wuyansa ne da kafaɗarsa ya koma ƙauye da ciwon baya.

Fasali na uku, a kan abin da idona ya gani

Gani ya kori ji. Ina gardi, muka tafi cin rani da malaminmu wata ƙasar fadama a kudu da nan, inda ake dafa mazarƙwaila. Ga yadda aikin yake: doki yana kewayawa yana juya ƙarafan matsi, yaro yana zaune yana tura rake a tsakaninsu, ruwan yana zuba, ana kwasa ana kai wa manyan kasake a kan wuta, wasu suna iza wuta da ɓawon rake, wasu suna juyawa har ya yi kauri a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Ana farawa tun kafin asuba a cikin hunturu. Yawancin masu tura raken almajirai ne, domin ladansu ya fi araha.

Wata asuba gyangyaɗi ya ɗauki wani yaro a cikinmu, bai fi shekara 12 ba, ƙarfe ya kama hannunsa na dama. Kafin a tsayar da dokin yatsu huɗu sun tafi. Mai injin ya zo ya duba ƙarfensa tukuna, sa'an nan ya duba yaron, ya ce ƙaddara ce, ya ba da kuɗin mota zuwa asibiti, ya sa wani yaron a gurbin kafin rana ta fito. Malaminmu, Allah Ya gafarta masa, ya ce a yi haƙuri. Yaron nan ya kai izu 20, kuma yana da kyawun rubutu. Bai sake riƙe alƙalami da wannan hannun ba.

Sai da na karanta fiƙihu na gane girman abin da aka binne a ranar. Shari'a ta yanka wa kowane yatsa diyyar raƙuma 10, kuma malamanmu na Malikiyya sun hukunta cewa wanda ya sa yaro aiki mai hatsari ba da izinin waliyyinsa ba, lamunin abin da ya same shi yana wuyansa. Uban yaron yana can garinsu bai san ɗansa yana gaban ƙarfe ba. Allo ya aiko shi ya riƙe.

Fasali na huɗu, a kan hukunci

Kada ka ce wannan labarin da ne. Je ka Dawanau ka ga 'yan dako da mata masu tsince riɗi da zoɓo. Dubi masu buga bulo, da masu fasa dutse, da masu haƙar yashi a kogin Challawa, da masu yankan shinkafa a Kura. Ka tuna 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, masu sayen zinariyar kuwa suna birni lafiya lau. A 2024 hukuma ta yanka mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko mai aikin jinga, ko ɗan ƙwadagon gona. Ashe waɗannan ba su da mai tsaya musu sai tsoron Allah da ke zuciyarka, in akwai shi.

To, ga abin da yake wuyanka, kamar yadda yake a babin ijara na Risala da Muhtasar, littattafan da ke cikin gafakarka.

Na farko, ijara 'yar'uwar ciniki ce, ba ta inganta sai an san lada an san aiki, ko da lokaci ko da adadi. Maganar nan ta “yi aikinka, ba za mu ɓata ba” tarko ce, domin kafin aiki yana da ikon ya ƙi, bayan aiki kuwa sai abin da ka ga dama. In an yi haka, ladan da aka saba ba irinsa a kan irin aikin shi ne ya wajaba a kanka, ko ka so ko ka ƙi.

Na biyu, gaggauta biya. Hadisin gumi wanda Ibnu Majah ya fitar, babu ɗan makarantar da bai haddace shi ba. Kai gobe a wurinka kwana ɗaya ce. Shi kuwa ladan yau shi ne tuwon daren yau, matarsa ta ɗora ruwa tana jiran awo. Kuma ya tabbata a Sahihul Buhari cewa mai cinye ladan wanda ya gama masa aiki yana cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Wane lauya za ka ɗauka a wannan shari'a?

Na uku, kada ka ci shi tarar abin da bai yi sakaci a kansa ba. Gaskiya ne malamai sun ɗora lamuni a kan mai sana'ar da ya tafi da kayan mutane wurinsa, kamar marini da maɗinki, haka kuma mai dakon abinci in ya kaɗaita da shi. Amma wanda yake aiki a gabanka, a ƙarƙashin umurninka, amintacce ne. Tsohon buhu ya fashe, ka zaftare masa ladan yini, wannan cin dukiya ne da ɓarna.

Na huɗu, kada ka ɗaure shi da bashi. Ka ba shi dawa tiya biyar a watan yunwa, ka sharɗanta zai biya da aikin kaka a rabin ladan da ake biyan kowa. Wannan rance ne da ya jawo amfani, kuma ka san sunansa.

Na biyar, kada ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kada ka hana shi salla a kan lokacinta. Surar da ta yi narko ga masu tauye mudu ba ta tsaya a kan hatsi kaɗai ba. Wanda ya karɓi aiki da babban mudu ya biya lada da ƙarami, yana cikinsu.

Fasali na biyar, a kan uzurorin masu hali

Idan ka ce, ai da yardarsa muka yi jinga, sai in ce maka, yardar mai jin yunwa tana inganta ƙulli a gaban alƙali, amma ba ta wanke ka a gaban wanda Ya san ka jira har yunwar ta kai masa wuya sa'an nan ka yi tayi.

Idan ka ce, in na ƙara masa riba ba za ta fita ba, sai in ce, lissafa abin da ka kashe a bikin 'yarka da Umrar da kake maimaitawa kowane azumi. Umra bayan ta farko nafila ce, ladan lebura kuwa bashi ne, kuma ba a gabatar da nafila a kan wajibi.

Idan ka ce, Allah ne Ya ƙaddara masa talauci, sai in ce, haka ne, kuma Shi ne Ya wajabta maka biyansa. Me ya sa ka riƙe ƙaddara a kan abin da ya same shi, amma ran da ɓarawo ya fasa shagonka ba ka ce ƙaddara ba, sai ka tafi wurin 'yan sanda?

Idan ka ce, ai leburori ma suna ha'inci, suna laɓewa in ba a ganinsu, sai in ce, wannan gaskiya ne, kuma ina gaya wa ɗan ƙwadago ya ji tsoron Allah, domin sa'ar da ya sayar ba tasa ba ce, in ya sace ta ya ci haramun. Amma ha'incin wani ba ya halatta maka zaluntar wani.

Idan kuwa ka ce a zuciyarka, abin da ba ka iya faɗa da baki, wai ɗan dako da marini da majemi ba su da asali, ba a ba su aure, ba a tashi a ba su tabarma, to ka tuna Annabi Musa ya yi ƙwadagon shekaru a Madyana, Annabi Dawuda maƙerin sulke ne yana ci daga aikin hannunsa, Annabi Zakariya masassaƙi ne. An ruwaito Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana tufka igiya domin ya ci daga guminsa, ɗansa Sarkin Musulmi Bello kuma ya yi wasiyya ga sarakuna su kula da masu sana'a su zaunar da su a garuruwa. Daga wa ka gaji wannan raini?

Cikawa

Ya ku 'yan'uwana malamai, da mu nake farawa. Yaron da aka kawo maka amana ce. In ya kai ƙarfin aiki ka zaɓa masa wanda ba zai halaka shi ba, ka sanar da ubansa, ka je da ƙafarka ka yanka masa lada, kada ka mai da shi jarinka. Kuma ka daina yin shiru a zauren mai kuɗi saboda buhun da yake aiko maka da azumi, kamar yadda na yi shiru.

Ya kai almajiri, koyi sana'a tare da allonka, kada ka ji kunyar kanta a tafin hannu. In an ɗauke ka aiki ka tambayi ladanka tun kafin ka sunkuya, wannan ba rashin kunya ba ne, shari'a ce. In Allah Ya buɗa maka wata rana, ka tuna yinin da ka tsuguna a ƙofar wani.

Ya kai falke, buɗe littafin bashinka a daren nan. Ka rubuta duk wanda yake riƙe da kuɗinka, to rubuta waɗanda kake riƙe da guminsu. Wanda yake raye ka neme shi, wanda ya mutu ka nemi magadansa, wanda ka rasa ka yi sadaka da niyyarsa. Ni kuwa na koma wurin mai zauren nan bayan kwana biyu na gaya masa abin da na rubuta maka, ya ɓata rai, amma ya aika aka kira mutanen ya biya su a gabana.

Allah Ya ji ƙan masu kaɗi da masaƙa da marina da mabuga, da waɗanda suka hau dala, da waɗanda aka binne a tudun Jos ba a san kabarinsu ba. Allah Ya sa kada mu tashi ranar hisabi da haƙƙin wani a wuyanmu. Abin da na dace daga Allah ne, abin da na kuskure daga gare ni ne, kuma Allah ne Mafi sani. Wanda ya kwafi wannan takarda ya sa marubucinta da iyayensa a addu'a.